Yaɓen da Ya Ci Gidanmu

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Sha'aban, shekarar da na shiga aji uku, motar siminti ta tsaya a bakin lungunmu na Ruwais ta kasa shiga. Lungun da ko awaki biyu sai ɗaya ta raɓe sannan ɗaya ta wuce, ina mota za ta bi? Direba yana ta danna ham yana "yalla, yalla," Kawu Idris, ƙanin babana, ya tuɓe riga ya shiga saɓar buhuna a kafaɗa, mu yara aka raba mana bokitai da kwanonin wanki muna jidar yashi. Zafi ne irin na Jidda, wanda iskar teku ke liƙe wa mutum a jiki kamar an shafa masa koko. Kakarmu, wadda muke kira Habboba kamar yadda ake yi a Sudan inda aka haife ta, tana tsaye a ƙofar gida da tsintsiya a hannu tana ba da umarni, bakinta har kunne. Ni ma murna nake yi, har da tsalle a kan tarin yashin. Wallahi in na tuna tsallen nan yau, haushi ke cika ni har wuya.

Gidan ba namu ba ne, kuma ba mu taɓa cewa namu ne ba. Na wani dattijo ne ɗan ƙasa, Ammu Salim, wanda kakansa masunci ya gina shi tun teku tana kusa da unguwar. Mahaifin Habboba ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Hajji, ya yi shekaru yana noman auduga a Sudan, sannan ya tsallako teku da iyalinsa. Masuncin nan ya ba shi wurin zama, zama ya ɗore har ya kai kanmu. Duk wani namu da ya sauka daga jirgin ruwa a zamanin da, gidan nan ake nuna masa. Bangon da dutsen teku aka yi shi, wanda ake ce wa mangabi, fari mai huji-huji kamar soso, an jera katakai a tsakaninsa don ya riƙe. A tsakar gida akwai tsohuwar matattarar ruwan sama da aka haƙa aka ɗaure da dutse, da wata ƙatuwar magarya da ta rufe rabin sararin. Ƙofar shiga ta katako ce mai nauyi, an sassaƙa mata furanni, gara ta ci gindinta, in za a buɗe sai an ɗaga ta da kafaɗa tana kuka.

A nan na buɗe ido. Da asuba Habboba ke tashe mu shara, ni da 'yan uwana mata, mu tsince ganyen magarya ɗaya bayan ɗaya, don ita ba ta yarda tsintsiya kaɗai ta isa ba. Daga nan a hura wuta a soya gyaɗa cikin yashi mai zafi, mu kuma mu zauna muna ƙulla ta a leda, Ummata ta ɗauka ta kai bakin makarantu. Da la'asar aikina in ba tantabaru ruwa, in kwance akuya in ɗaure ta a inuwa. In an gama, sai wasa. Carafke muke yi da 'yan katantanwar da muke tonowa daga jikin bangon da ƙusa, don dutsen cike yake da su. Mukan kwanta rub da ciki a bakin matattarar ruwa mu kira sunayenmu, murya ta dawo mana da kauri, mu ruga muna ihu. A zaure kuwa, inda alhazai suka riƙa kwana a da, bangon duk zane ne: wani ya karta bisimilla, wani sunan garinsu da ajami, wani jirgin ruwa mai tanti. Habboba ta tsani zanen nan. Cewa take, "Mutum ya ci abincinka, ya kwana a tabarmarka, ya tashi ya ɓata maka bango."

Kafin zuwan motar simintin da 'yan kwanaki, Ammu Salim ya zo da sandarsa ya zauna a gindin magarya, aka kawo masa shayi. Tsufa ya kama shi, ga ciwo. Ya gaya wa Habboba gaskiya: 'ya'yansa sun matsa masa a sayar da gidan ga masu sayen filayen unguwar, shi kuma ba ya so ya mutu ya bar mu a titi. Amma ya ji labarin wasu matasa da suka kafa wata ƙaramar jam'iyya, wato ƙungiya, ba ta neman riba, aikinta karɓar tsofaffin gidaje da rijiyoyi da itatuwa ta riƙe su a matsayin wakafi, yadda ba mai ikon sayarwa ko rushewa. Ya yi magana da su, za su zo su gani kafin azumi. In sun karɓa, zai ba da gidan wakafi, mu ci gaba da zama a matsayin masu kula da shi. "In gidan ya yi musu, halas, shi ke nan, kun zauna," in ji shi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya tashi ya tafi Ɗa'if jinya, ya ce zai dawo ranar zuwansu.

To, ka gaya wa Bahaushiya irin Habboba cewa manyan baƙi za su zo ganin gida, kuma zaman jikokinta ya rataya a kan ko gidan ya burge su. Me kake zaton za ta yi? A wurinmu ko biki ne ko suna, sai an yi yaɓe, an yi daɓe, an shafa farar ƙasa. Karɓar baƙo a gida mai tsaga abin kunya ne da ake yi wa mutum gori da shi har jikokinsa. Daren nan ba ta ci abinci ba, tana zagaye gidan tana taɓa bango tana tsaki. Da gari ya waye ta aika aka kira Kawu Idris daga unguwar masana'antu ta Jidda, inda yake aikin ƙarfi a wani sito. "Baƙo ba zai ga tsagar bangona ba ina da rai," ta ce da shi. Kawu ya je ya roƙi kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, mutumin kirki, ya ba shi siminti da fenti da wata ƙofar ƙarfe da aka cire daga sito. Kowa ya ce Allah ya kawo mana sauƙi.

Duk lungun aka taya mu. Maza suna kwaɓa siminti, mata suna jidar ruwa suna waƙa, maƙwabta suna aiko da kunu. Aka bi bangon mangabi ciki da waje aka lulluɓe shi, katakan da ke leƙowa aka datse su. Zauren alhazai aka fara yi wa, Habboba na tsaye har sai da ta ga jirgin ruwan nan ya nutse cikin siminti. Matattarar ruwa aka ce tana tara sauro kuma bakinta ya ci, aka zuba mata ɓaraguzai aka daɓe kanta. Magarya aka ce tana zubar da ganye, Kawu ya hau da adda ya bar ta kamar an yi wa yaro aski da ƙarfi. A ƙarshe aka shafa wa komai shuɗin fenti mai sheƙi, aka kafa ƙofar ƙarfe. Tsohuwar ƙofa aka jingine ta a bayan ɗaki. Ranar da za a dafa abincin baƙi, tukunyar ta fi ƙarfin murhun gas, itacen magarya kuma ɗanye ne ba ya ci. Wata maƙwabciya ta ce ai ga busasshen katako nan yana zaman banza. Na ga lokacin da gatari ya raba furannin nan biyu. Ta ci wuta da kyau, tana wani ƙamshi.

Baƙin suka zo da hantsi, maza biyu da wata mace mai tabarau riƙe da kamara, Ammu Salim na gaba yana dogara sanda. An sa mana kayan Sallah, an jera mu a tsakar gida, Habboba ta ɗaura sabon tobinta, lulluɓin matan Sudan. Da dattijon ya iso bakin lungu, sai ya wuce gidan. Wallahi wucewa ya yi, sai da Kawu ya bi shi ya kamo hannunsa. Ya shigo, ya dubi bango, ya dubi daɓen, ya ɗaga kai ya dubi magarya, sai kawai ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, ba tabarma ba komai. Matar nan ba ta ko ɗaga kamararta ba. Ta shafa fentin da tafin hannu, ta tambaya a hankali da Larabci ina ƙofar da aka ba ta labari. Ga shinkafa da nama an ɗora a kan faranti a gabansu, tururi na tashi.

Mutanen kirki ne, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun zauna, sun ci loma biyu don kada a ji kunya, sun yi godiya. Matar ta riƙe hannun Habboba ta yi mata bayani cewa tsufan gidan suka zo nema, tsagar da zanen da dutsen. Habboba ta ce to a kankare simintin mana, ga Idris nan. Matar ta girgiza kai. Mangabi dutse ne mai laushi, in siminti ya kama shi, tare da fuskarsa yake ɓallowa. Kuma su ɗin ba su wuce cikin cokali ba a lokacin, ɗaki ɗaya suke haya, gida ɗaya tak ƙarfinsu zai iya ɗauka a shekarar, akwai wasu suna jira. Da suka fita, Habboba ta tsaya a tsakiyar shuɗin gidanta tana duban hannuwanta. Abin da na ji ta faɗa shi ne, "Yau ni tsafta ta kashe."

Kawu bai haƙura ba. Ya ɗauko guduma da kurfi ya gwada a zaure, ko za a ceto zanen alhazai. Duk inda ya buga, sai siminti ya faɗo da ɓarin dutse a manne, ya bar rami fari fat. Ya yi ta yi har hannunsa ya fashe, sannan ya jefar da gudumar ya fita, bai kwana a gida ba. Azumin shekarar nan shi ne mafi shiru da na taɓa yi. Bangon da a da yake shan iska ya riƙe sanyi, yanzu ya koma tanda, fentin ya fara kumbura yana ɓarewa saboda damshin da ya rasa hanyar fita. Muka bar carafke, don babu inda za a tono katantanwa.

Ammu Salim bai ga Babbar Sallah ba. 'Ya'yansa sun yi mana kara, sun bar mu wasu 'yan shekaru, amma ƙarshenta an sayar. Wata safiya muka tashi muka tarar an rubuta kalma ɗaya da jan fenti a kan shuɗin bangonmu: izala, wato rusau. Muka kwashe abin da ke kwasuwa, aka yanka akuya, aka ba da tantabaru. Dangin da ba su da iƙama, takardar izinin zama, suka watse, wasu aka mai da su Sudan da ba su taɓa gani ba. Mu muka samu ɗaki biyu a hawa na uku a unguwar Waziriyya, taga ɗaya tana kallon bangon wani gareji. Habboba, matar da ke tsintar ganye da hannu, ba ta sake taɓa tsintsiya ba. Takan zauna a bakin gado ta kalli ƙura na taruwa a kan taga, in Ummata ta zo gogewa ta ce a bar ta. A ɗakin ta rasu, kuma har ta rasu ba wanda ya iya cire mata cewa ita ta raba mu da muhalli.

Yau jam'iyyar nan ta yi girma, Allah ya ƙara. Tana riƙe da gidaje masu yawa a tsohon gari, da rijiyoyi, da wani yanki na bakin teku inda itatuwa ke tsiro cikin ruwan gishiri tsuntsaye na sauka. Tana da ofis, da ma'aikata, da motoci masu tambari. Na ji har ta samu ƙwararrun da ke iya raba siminti da mangabi a hankali ba tare da dutsen ya ji ciwo ba. Ranar da na ji wannan, sai da na shiga banɗaki na yi kuka na ƙoshi. Ina yi musu fatan alheri, amma ba zan ɓoye ba, duk lokacin da motarsu ta wuce ni sai zuciyata ta yi zafi.

Kwanakin baya makarantar su 'yata ta kai su ziyara ɗaya daga cikin gidajen. Ta dawo tana zuba, rabi Larabci, rabi Hausarta mai tuntuɓe: bango duk tsaga, an kewaye shi da igiya, an hana taɓawa, mutane na ɗaukar hoto. Sai ta ce, "Umma, mu ba mu da bet gadim? Tsohon gida namu?" Na ce muna da shi. Ta ce in kai ta. Ranar Juma'a muka hau mota zuwa Ruwais, na riƙe hannunta muka yi ta zagaye wani fili da aka shimfiɗa wa kwalta, motoci jere a rana, ina neman inda zan ce mata nan ne. Ban gane wurin ba. Na nuna mata wani gefe kawai, ta tsaya tana kallon kwaltar da ladabi, don ta ga idona ya kawo ruwa.

Mu muka fi kowa son gidan nan, kuma da son muka kashe shi.