Ranar da Muka Naɗa Kyaftin Koci

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na Riyad waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi ta lalube. Amma yadda muka naɗa kyaftin ɗinmu koci don kawai mu raba shi da fili, wannan kam yana nan daram a raina, kuma ban ga abin da zai goge shi ba.

A lokacin ina tuƙa motar ma'aikata ta wani kamfani a Birnin Masana'antu na Biyu. Duk mako aiki ne, Juma'a ce kaɗai tamu. Bayan sallar La'asar mukan haɗu a wani fili mai rairayi a bayan unguwar Shifa, mu 'yan Nijeriya, direbobi da magina da masu aikin sito, mu buga ƙwallo har a kira Magariba. Wanda ya kafa ƙungiyar shi ne kyaftin. Duk ya girme mu, kuma rabinmu shi ya fara nuna mana hanyar Batha, unguwar kasuwa da baƙi ke taruwa, lokacin da muka sauka ba mu san gabas ba ba mu san yamma ba. Yaya muke ce masa. Lamba goma yake bugawa, shi ke raba ƙwallo, kuma a zamaninsa idan ya ɗaga kai ya dube ka, to ka fara gudu kawai, za ta same ka a ƙafa.

To, sai shekaru suka zo, ga kuma gwiwa. Kan yana nan, ya san inda ya kamata ƙwallo ta je, amma ƙafar ta daina jin magana. Sai ya miƙa wa abokin hamayya ƙwallo a tsakiyar fili, a juyo mana da ita, shi kuma ya tsaya riƙe da ƙugu yana haki. Ni a baya nake bugawa, saboda haka duk ɓarnar da ya yi a kaina take ƙarewa. A wajen fili kuwa akwai wani mai walda, mutumin Gombe, da ke zaune a kan tsohuwar taya duk Juma'a, wanda kowa ya san ya fi Yaya a lokacin nesa ba kusa ba.

Da wasan motsa jiki ne kawai da ba wanda zai damu. Amma a shekarar mun shiga gasar ƙungiyoyin baƙi, irin wadda da an cinye ka ka fita, kuma sai aka haɗa mu da Sudanawa, mutanen da ba su da wasa idan ana maganar ƙwallo. Muka zauna a wani shagon shayi a Batha, ban da Yaya, aka buɗe zancen. Wasu suka ce ai shi ya tara mu, kuma ba a yi wa babba haka. Wasu suka ce gwaninta ba ta tafiya gaba ɗaya, ƙila ranar ta dawo masa. Ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce ko dai a ajiye shi a benci, ko kuma mu aika wa Sudanawa su wuce ba sai mun ɓata musu Juma'a ba. A ƙarshe kowa ya yarda a ajiye shi. Sai wani ya ce, "To, wa zai faɗa masa?" Nan fa kowa ya ga kofin shayinsa ya yi masa kyau, har da ni mai babbar murya.

Mai tsaron gidanmu tela ne a nan Batha, mutum mai dabara wanda bai taɓa shiga abu ta ƙofar gaba ba. Shi ya kawo shawarar. Ya ce, "Ku kuna neman yadda za ku sauke shi, ni kuwa cewa nake a ɗaga shi. Ƙungiya ba ta da koci. Mu ba shi. Kun taɓa ganin koci a cikin fili?" Wallahi a ranar mun ga kamar ba a taɓa yin mai hankali irin telan nan ba. Ba wanda zai ji kunya, ba wanda za a ɓata wa rai, kuma ga girma an ba babba.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, muka taru a ɗakin telan. Aka shimfiɗa leda, aka juye kabsa, wato shinkafa da kaza irin ta can. Da aka ci aka ƙoshi, telan ya miƙe ya yi jawabi kamar ranar naɗin sarauta, ya ce ƙungiya ta girma, tana buƙatar ido daga waje, kuma babu idon da ya kai na Yaya. Ya fito da wata jaket da ya ɗinka da hannunsa, da sabon usur. Yaya ya saurara har ƙarshe. Ya sa jaket ɗin, ya duba hannuwanta, ya rataya usur a wuya, ya ce, "Na gode. Allah ya bar zumunci." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Telan ya kashe mini ido, ni kuma na ƙara loma.

Ranar wasa fili ya cika. Sudanawa sun zo da jama'arsu da gangarsu. Yaya ya iso cikin jaket, zif har wuya, ya tara mu ya ce tunda shi ne koci, shi zai faɗi masu shiga. Ya fara kira ɗaya bayan ɗaya, daga mai tsaron gida har 'yan gaba. Mai walda ya riga ya ɗaure takalmi yana ɗan tsalle-tsalle. Da ya rage gurbi ɗaya, sai Yaya ya ja zif ɗin a hankali, ya cire jaket ya ninke ta, ya ajiye a kan kular ruwa. Ashe rigarsa mai lamba goma tana ciki. Ya ce, "Yalla, mu je."

Muka bi bayansa. Mu muka ba shi ikon da hannunmu, har da shinkafa. Mai walda ya koma kan tayarsa ya zauna, telan kuwa ya mai da hankali wajen gyara safar hannunsa.

Abin da muke tsoro shi ya faru. Ba a jima da farawa ba aka ƙwace ƙwallo a ƙafar Yaya, kafin in juya sun wuce ni, sai raga. Ta biyun ma daga wajensa ta fito. Wani Basudane a bakin fili, dattijo da rawaninsa, ya riƙa kiransa yana cewa, "Ya Hajji, istarih," wato Alhaji ka je ka huta. Ba da izgili yake faɗa ba, kamar tausayi ma yake ji. Na ji maganar ta soke ni, don abin da muka kasa faɗa ke nan, ga baƙo yana faɗa a bainar jama'a.

Da aka je hutun rabin lokaci muka zauna a ƙasa muna shan ruwa. Yaya bai zauna ba. Ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Akwai mai magana?" Kowa ya ci gaba da shan ruwansa. Can telan ya ce, "Iska ce take gefensu, Yaya. Idan aka juya za ta dawo namu." Yaya ya dube ni, don ya san ni da baki. Na ce, "Za mu farke, in sha Allahu." Ya gyaɗa kai. Ya ɗan tsaya kamar yana jiran wani abu, da bai zo ba sai ya cire ƙyallen kyaftin daga damtsensa ya miƙa mini, ya juya wajen mai walda ya ce, "Tashi ka shiga."

Mun yi wasa mai kyau a zagaye na biyu, har mun farke ɗaya, amma lokaci bai ishe mu ba. Aka fitar da mu.

Mun yi sallar Magariba a nan gefen fili, Yaya ya ja mu kamar kullum. Da ya sallame bai tashi ba, ya juyo ya fuskance mu. Muryarsa ba ta da zafi ko kaɗan. Ya ce, "Ƙafar nan tawa ce. Na riga ku sanin ta gaji. Abin da nake jira kawai ɗayanku ya zo ya ce, Yaya, ka huta haka nan. Wallahi da na huta, kuma da na ji daɗi. Sai kuka dafa mini shinkafa." Wani ya so ya yi dariya, ya fasa. Ya ci gaba, "Yau na sa kaina ne in ga ko akwai wanda zai buɗe baki. Na tambaye ku da bakina, kuka ce iska ce. A garin nan ko kafili, ubangidan da ya kawo mutum aiki, zai sallame shi, kiransa yake yi ya faɗa masa. Na ɗauka ni da ku mun wuce a yi wa juna dabara."

Telan ya fara ba da haƙuri, Yaya ya ɗaga masa hannu ya ce, "Halas, ya wuce." Kuma ya wuce ɗin, don bai ƙara tayar da zancen ba. Juma'ar da ta biyo ya zo, ya ci gaba da horar da mu, kuma ya iya. Sai dai daga ranar ban sake ganin ya taɓa ƙwallo da ƙafa ba, ko a wasan raha. Idan ta gangaro gabansa, sunkuyawa yake yi ya ɗauka da hannu ya jefo mana. Duk lokacin da na ga haka sai raina ya ɓaci, don na san da mun yi masa magana kai tsaye, da ya ci gaba da shiga yana ɗan taɓawa cikin nishaɗi har ya bar ƙasar.

Mu a zatonmu kunya muka ji, girma muka ba shi. Yanzu da na kai shekarun da yake da su a lokacin na gane kanmu muka tausaya wa, ba shi ba. Abin da na koya shi ne, idan mutum naka ne kuma lokacin saukarsa ya yi, ka je ka zauna kusa da shi ka faɗa masa da bakinka. Zai ji zafi, amma zai san har yanzu kana ganinsa a matsayin mutumin da zai iya ɗaukar gaskiya.