Bulus Yana Cikin Takardar

Fuskar Bulus ta ɓace a cikin tasar wanke hoto, matarsa tana tsaye a kaina.

Ban damu ba, don haka aikin yake. In za a rina hoton baƙi da fari ya koma ruwan ƙasa don ya daɗe, maganin farko yakan ɗauke hoton, na biyu mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya dawo da shi. Tun ina da ƙarfi nake yi wa ma'aikatan masaƙa wannan aiki.

Maman Rahila, matar Bulus, maƙwabciyata ce a Sharada. Hoton marigayi mijinta ke nan guda ɗaya, ya fara koɗewa.

Da na buɗe kwalba ta biyu ban ji wari ba. Na ɗauka hancina ne ya tsufa, ashe maganin ne ya mutu.

Ta leƙa tasar ta ce, "Baba, ina Bulus?"

Na ce, "Yana nan cikin takardar, 'yata. Abin da zai fito da shi ne babu."

Ta ce, "Haka suka ce mini a asibiti, wai yana nan, in jira."

Ta fita ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.

Jiya na ja ƙafa har Bompai. Shagon da muke sayen maganin ya zama siton shinkafa, abokan sana'ata kuma duk sun rasu.

Na ɓoye takardar a duhun akwatina. In akwai mai wanke hoto da hannu da ya rage a Kano, don Allah ya yi magana tun ina raye.