Ranar da Saude Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Duk wanda ya zauna Gusau a shekarun da aka ja dogo ya san Arzika kafinta, in ma bai san sunansa ba ya san ƙarar zartonsa. Dogo ne siriri, mai saurin hannu da saurin baki, irin mutanen nan da ke ba da amsa tun ba a gama tambaya ba. Zuben Zamfarawa ne tsage a fuskarsa, amma da ya buɗe baki sai a ji Hausar bariki, har mutanen kasuwa kan ce fuskar tamu ce, harshen na aro ne.

Ba laifinsa ba ne. A wani ƙauye kusa da Kucheri aka haife shi. Yana ɗan ƙarami, gab da zuwan Turawa, mahara suka sure shi a bakin gona. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har sojoji suka tare ayarin can kudu, aka kai shi gidan da 'yan mishan ke renon yaran da aka 'yanto. A nan ya koyi karatu da aikin katako, a nan kuma ya karɓi bin Almasihu, kuma da zuciya ɗaya ya karɓa, wannan ba wanda zai ƙwace masa. Abin da bai koya ba shi ne yadda ake zama ɗa a gidan Bahaushe. Baturiyar da ta rene su kullum safiya takan kira kowane yaro da sunansa, ta dube shi ido cikin ido, ta dafa kansa. Arzika ya tashi yana ganin iyakar ƙauna ke nan, wanda bai yi maka haka ba bai son ka.

Tun yana yaro addu'arsa guda ce, Allah Ya nuna masa uwarsa. Da ya ji ana neman kafintoci a aikin dogon da za a kai Gusau, ƙasar masu zube irin nasa, bai yi shawara da kowa ba ya ɗaure kayan aikinsa.

A kasuwar Tsafe abin ya faru. Ya tsaya sayen daddawa, tsohuwar da ke sayarwa ta ɗago kai, ta kafe shi da ido, ta tambaye shi ko ɗan wane gari ne. Ya ce bai sani ba, ya dai tuna da duwatsu da wata tsamiya. Ta ce ya juya ta ga bayan kunnensa. Da ta ga tabon ƙunar da ya yi yana rarrafe, sai ta saki ƙwaryar daddawa ta fashe da kuka. Luba ce, ƙanwar ubansa, wadda ta goya shi.

A hanya ta ba shi labarin gida. Ubansa ya rasu, ƙanensa Buba ne maigida, uwarsa Saude kuwa tana nan da ranta. Arzika ya yi ta sauri har tsohuwa na roƙonsa ya jira ta.

Ƙauye ya cika da guɗa. Maza suka rungume shi, tsofaffi suna ta shafa fuskarsa suna cewa ga ubansa ya dawo. Ya kutsa cikin gida yana waige-waige, Luba ta nuna masa wata mace gajera tsaye bakin murhu. Ya nufe ta hannu a buɗe. Matar ta ja zane ta rufe kai, ta juya, ta shige ɗaki. Ya durƙusa a bakin ƙofa yana gaisuwa. Daga ciki aka amsa da "Lahiya lau," sa'an nan aka ce, "Luba, a ba baƙon ga ruwa."

Ko yaron goye a ƙasar nan ya san abin da ke nan. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama inda ya zauna, kuma gwargwadon kunyarta gwargwadon mutuncinta a idon mata. Luba ta gaya masa tun a ranar.

"Kunya ta, ɗana. Kai aɗ ɗan hwarinta. Haka anka gada."

Arzika ya ji, amma bai yarda ba. Ya ce a ransa wace irin kunya ce za ta hana uwa duban ɗan da ya ɓace fiye da shekara ashirin? Kuma a gaskiya yana da abin kamawa. Da aka kira salla ya ce shi ba hanyarsa ba ce, fuskar Buba ta canza, washegari aka ware masa akushinsa daban. Sai ya tattara duka ya zuba a kwando ɗaya, ya yanke cewa uwarsa ta ƙi shi saboda addininsa.

Ga inda ni mai ba da labari nake jin nauyin faɗa, amma dole a faɗa: abin ya yi masa daɗi. Ran Lahadi 'yan tsirarun Kiristocin Gusau, akawuna da ma'aikatan jirgi mutanen kudu, sukan taru a wata rumfa su yi sujada. Arzika yakan miƙe ya ba da labarin yadda uwar da ta haife shi ta juya masa baya, ya roƙa a yi addu'a Allah Ya narkar da zuciyarta ta dutse. Su da ba su san al'adar ba sai su girgiza kai su ce amin, wani akawu mutumin Ikko har ya riƙe hannunsa ya ce ya daure, haka aka yi wa masu bi na farko. Arzika ya koma masauki yana jin kansa wani babba. Addu'arsa a lokacin duk umarni ce, yana tsara wa Ubangiji aiki kamar yadda yake tsara wa lebura: ka sa ta dube ni, ka sa ta kira ni, ka yi shi kafin kaka.

Damina ta wuce yana zuwa ƙauye yana komowa. Duk zuwan da ya yi sai an aiko masa tuwo da man shanu har yana kwarara, a gidan da ba kullum ake ganin mai ba, bai taɓa tambayar hannun wa ya tuƙa ba. Shi dai sunansa yake jira.

Da kaka matar Buba ta haihu. Ranar suna Arzika ya zo da kayan aikinsa ɗaure a kafaɗa, don ya riga ya ƙulla abin da zai yi. Da la'asar, maza na zaune a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida maƙil, na Kucheri da na Bilbis da na ƙauyukan kewaye, sai ga shi ya faɗo cikinsu ko sallama babu. Masu kiɗan ƙwarya suka tsaya. Saude na zaune cikin tsofaffi tana rabon goro, ta yunƙura za ta shige ɗaki, ya sha gabanta.

"Inna, yau sai an yi ta ta ƙare," in ji shi. "An ce ke kika haife ni. To, in ni ɗanki ne, ki dube ni ki kira sunana a gaban mutanen nan. In ba za ki iya ba, ga kayana a ɗaure, gobe in bi jirgi in koma inda na fito, ba kuma za ku sake ganina ba."

Luba ta taso tana cewa, "Kai, yaro! Kana da hankali kuwa?" Ya ɗaga mata hannu.

Saude ta tsaya, goro na zubewa daga bakin zanenta. Ta dubi ƙasa, ta dubi ƙullin kayan da ke kafaɗarsa, ta daɗe tana dubansa. Sa'an nan ta ɗago kai, a karo na farko ya ga idanunta sosai, ƙanana ne jajaye.

"Arzika," ta ce. Ta sake cewa, "Arzika, kak ka tahi."

Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi." Can baya wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, aka buge mata baki. Saude ta ja zane ta rufe fuska, ta dafa bango ta shiga ɗaki.

Ga abin da ya shekara yana roƙo ya samu. Ya tsaya yana jiran daɗin ya zo, bai zo ba. Mata suka fara tattara ƙorensu ɗaya bayan ɗaya, ba mai dubansa.

Luba ta ja shi bayan rumbu, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Ka san abin da kay yi? Randa anka ɗauke ka, mu duka mun yi kuka a tsakar gidan ga, ita ko ba ta da halin yi gaban mutane. Cikin dawa taka shiga ta yi nata, ta wanke ido ta komo ta ɗora tukunya. In fatake sunka sauka, ba ta iya tambayar labarinka, ni taka turawa, ta laɓe bayan zana tana saurare. Mijinta ya mutu, ƙuruciyarta ta tahi, abin da yar rage mata a garin ga kunyar nan ta, ko'ina da ita aka misali. Yau ka sa ta tuɓe ta gaban surukanta, don kak ka ɓace mata na biyu."

Arzika ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya sauke kayan daga kafaɗa, ya zauna a kansu, bai tashi ba har aka kira magariba.

Abin bai tsaya nan ba, don bakin mutane ba ya da ƙyaure. Labari ya kai kasuwar Tsafe kafin shi ya kai. 'Yan mata a bakin rijiya suka riƙa kwaikwayon muryar tsohuwa suna dariya. Saude ta daina zuwa biki, ta daina zuwa barka, in za ta gona sai ta bi ta bayan gari. Buba bai ce masa uffan ba, gaisuwa kawai.

Lahadin da ta biyo, akawun nan ya tambaye shi a gaban jama'a ko zuciyar dutse ta fara narkewa. Arzika ya miƙe, ya ce musu ƙarya ya yi wa uwarsa a wannan rumfa, ba sau ɗaya ba, kuma in akwai dutse to a ƙirjinsa yake. Aka ce ya ja addu'a kamar yadda ya saba, ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya daɗe a haka. Da bakin ya dawo, addu'ar ta gajarce ƙwarai, ba ta wuce ya ce, "Ya Ubangiji, ban san yadda ake ƙaunar matar nan ba, Ka koya mini." Ya lura kuma in ya faɗi haka ya yi shiru, yakan tashi da sanin abin da ya kamata ya yi, kuma sau da yawa abin da ya kamata shi ne ya bari.

Ya koma wurin Luba kamar ɗan koyo, ta koya masa abin da yara ke sani tun ba su yi wayo ba. In ya zo gida ya tsaya a zaure. In zai gaishe ta ya durƙusa daga bayan zana, ya gaisar a taƙaice, ya tashi. In sun yi kiciɓis a hanya ya ratse cikin gona. Ya sayi goro ya ba Luba ta kai mata da ban haƙuri, amsar da ta dawo ita ce, "Mi yay yi? Yaro na." Wannan ta fi zagi ciwo, ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba.

Kada a ce komai ya gyaru. Buba bai daina ware masa akushi ba, shi kuma bai bar hanyarsa ba, kowa ya tsaya inda yake. Da aikin dogo ya ƙare aka sallami kafintoci, abokansa suka koma kudu, shi ya kafa rumfa a Gusau yana yin ƙyamare da akwatuna. Bai ce don wa ya zauna ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Wata rana yana gaisuwa daga bayan zana ya hango ƙyauren ɗakinta, na kara ne, gara ta cinye gindinsa, an tokare da turmi. Ya auna da ido. Ya koma Gusau ya zaɓi katako mai kyau, ya fere, ya goge, ya ɗora wa jaki. Ya tambayi Luba ranar da tsohuwa za ta tsinkar auduga, ya zo da hantsi bayan ta fita, da niyyar ya kafa ya tafi kafin ta dawo. Amma bangon ya karkace, aiki ya ja shi, yana buga ƙusa ta ƙarshe ya ji sallamarta a zaure. Ya kwashi guduma ya zaga bayan rumbu, ya juya baya, dogon mutum mai gemu yana laɓe kamar ɓarawon kaza.

Ya ji ta sauke kwando. Sa'an nan ya ji ƙyauren ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Luba, wa yay yi aikin ga?"

"Wa kika tsammani?"

Arzika ya riƙe numfashi, yana roƙon Allah a ransa kada ta ga dole ne ta sake faɗar sunan saboda shi.

"To," in ji Saude, ta ɗaga murya yadda za ta kai bayan rumbu. "Ki ce ma wancan shi ci tuwo kahin shi kama hanya. Rana ta yi."

Luba ta kawo masa akushi har inda yake. Ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai ya yi godiya ga Ubangiji, ya ci yana share hawaye da bayan hannu, bai bar ko loma ba.