Hukuncin Baba a Kan Wasan Talabijin

Kwanan nan na ga wasu mutane a waya waɗanda sana'arsu ke nan, su zauna su buga wasan kwamfuta, sannan su fito su faɗa wa duniya ko ya yi kyau ko bai yi ba. Suna duba hoto, suna duba sauti, suna duba labarin da ke ciki, su ba shi maki kamar malamin makaranta. Na kalla na kalla, raina ya ƙi kwanciya. Ni na san wani alƙalin irin wannan wasa tun kafin a haifi yawancinsu, kuma hukuncinsa ne ya fitar da shi daga gidana. Mahaifina nake nufi.

Baba mutumin Kurfi ne, ɗan dara tun yana saurayi. Akwai wani durumi kusa da kasuwa inda suka haƙa gidajen dararsu a ƙasa, wannan ya zo da tsinkaye, wancan da duwatsu. Dokar wurin ɗaya ce. Wanda aka ci shi ne zai tashi, da ƙafarsa, ba mai kama masa hannu, ya ba na baya wuri, ya tsaya ya sha ba'a har masu yi su gaji. Sai wanda aka ci ya tashi ne Baba zai buɗe baki ya ce wasa ya yi, ko ya ce bai yi ba. Kafin nan ko za ka kwana kana tambayarsa, goronsa kawai zai ci gaba da tauna. Ko shi aka ci, shi ake jira ya yanke hukuncin, don kowa ya san ba ya son kai.

A ƙarshen shekarun tamanin ina aikin akawu a Dutsin-Ma, hawan jini ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, gidan Kurfi ba mai kula da maganinsa. Likita ya ce a riƙe shi kusa da asibiti. Na je na ɗauko shi da lallashi, na ba shi ɗakin da ya fi iska. Bai yi mini gardama ba, amma jakarsa ta fata bai taɓa kwance ta ba. Tana nan bakin ƙofa a ɗaure. Da safe ya fita zaure, ya dawo tsakar gida, ya sake fita. Ni kuma in je ofis in kasa zama. Da na ji ƙarar motar Kurfi a tasha sai in ce ai ya hau.

Na nema masa 'yan dara a gari, ya je sau ɗaya ya dawo ya ce yara ne masu gaggawa. Na kai shi Zobe ya ga ruwa da masunta, ya ce ai ya san ruwa. Ni mutum ne mai saurin fushi, na gada ne daga wurinsa, to amma wa zan yi wa?

Maƙwabcina mai gyaran rediyo ne, Kirista, mutumin Kudu da ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa. Wata rana da yamma ya shigo rungume da wani baƙin akwati mai wayoyi biyu, kowace da abin murɗawa a ƙarshenta irin na rediyo. Wani ne ya kawo gyara ya bar gari bai waiwaye shi ba. Ya jona shi da talabijin ɗina. Allon ya yi baƙi, sai ga farar sanda a dama, wata a hagu, da wani farin ɗigo yana kai da komowa tsakaninsu. Ka murɗa, sandarka ta hau ko ta sauka ta tare ɗigon. In ya wuce ka, an ci ka ɗaya.

"Baba, ga dara ta Turawa," in ji maƙwabcina. "Zo ka gani."

Baba ya jawo tabarma. A ranar na ƙulla wa kaina wani abu da ba wanda ya sa ni: in Baba ya ce wannan wasa ya yi, to zai zauna.

Bai taɓa abin murɗawar ba da farko. Ya sa ni da maƙwabcina muka yi ta bugawa yana kallo, kuma ba allon kaɗai yake kallo ba, har da mu. Ya ce akwatin yana da adalci, ba ya duba babba ko yaro. Ya ce kukansa ba daɗi, kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa. Ya ce ba a ba mutum sararin tunani, hannu ne ke aiki, kai yana zaune. Sannan ya tambayi maƙwabcina, "Kai mai rediyo, don mi kowa ya juya ma ɗan'uwanshi kunne maimakon fuska? Ta ina za ka san ya tsorata?" Muka dubi kanmu, ashe tun da muka fara ba wanda ya kalli fuskar wani.

Na ce, "To Baba, ya yi ko bai yi ba?"

Ya ce, "Ban ga ƙarshenshi ba tukuna."

Da yake mu duka muna fita aiki, maƙwabcina ya nuna masa wani maɓalli da in an danna, akwatin da kansa zai zama abokin wasa. Baba ya fara bugawa da rana, in akwai wuta. Matata ta ce yakan zauna tun hantsi, har tuwon rana ya huce. Ya daina zirga-zirga tsakanin zaure da tsakar gida. Ni kuwa sai zirga-zirgar ta dawo kaina. In saci jiki daga ofis in leƙo ta taga, in gan shi ya tattare babbar riga yana murɗi yana tsaki, in koma ina murna. Kullum da yamma in tambaye shi hukunci, kullum amsar ɗaya. Na so in ɗauke jakar nan daga bakin ƙofa in jefa ta bisa rumbu, na kasa.

Wata Laraba na dawo da azahar na tarar talabijin a kunne, ɗigon yana ta kai da komowa ba mai tare shi. Baba yana zaune da abin murɗawar a cinyarsa.

Ya ce, "Na ci shi ɗazu."

Na yi murna sosai, har na fara tafa hannu.

"Na ci shi, na waiwaya, ba kowa," in ji shi. "Shi kuma bai tashi ba. Bai ji kunya ba, bai ce mani komi ba. Ya goge lambar ya sake jeho ɗigon, kamar ba a yi ba." Ya ajiye wayar a hankali bisa tabarma. "Abin an yi mashi dabara, ban raina maƙerinshi ba. Amma wasa bai yi ba. Ka kai ni gida, ina son in tahi."

Na yi faɗa a ranar. Na ce masa maganin fa, na ce ƙafar fa, na ce wa zai kai shi asibiti in abin ya tashi. Ya bar ni na gama, ya ce ya ji, kuma duk gaskiya ne. Tsoro nake ji, shi ya sa muryata ta yi sama, kuma ya san haka.

Ran Asabar na ɗaure jakar a bayan babur na kai shi. Bai yarda mu fara zuwa gida ba, sai gindin durumin. Suna ganinsa wani tsoho mai ido ɗaya, abokin hamayyarsa na shekaru, ya ce, "Ga ɗan birni ya dawo, ku ba shi wuri mu ga ko ya mance hanya." Aka ba shi tsinkaye. Ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafa ɗaya gefe, suka fuskanci juna gwiwa da gwiwa.

Hannunsa ya yi sanyi da rashin bugawa. Ba a daɗe ba mai ido ɗaya ya kwashe masa tsinkaye, aka ci shi. Wurin ya ɗauki dariya. Baba ya dafa ƙasa zai tashi, ƙafar ta ƙi. Na zabura na miƙa hannu, ya ture shi ba tare da ya dube ni ba. Ya sake dafawa, ya yunƙura, suna ta yi masa ba'a ba wanda ya rage murya, wannan ya ce tuwon Dutsin-Ma ne ya yi masa nauyi, wancan ya ce a kawo jaki a ɗora shi. Da ya miƙe tsaye ya kakkaɓe rigarsa, sai kowa ya zuba masa ido ana jiran hukunci.

Ya ce, "Wasa ya yi."

Na ba ƙanwarsa da ke aure a wata unguwa magungunan, na nuna mata na safe da na yamma, na sake nuna mata. Na hau babur na kama hanyar Dutsin-Ma ni kaɗai, igiyar da na ɗaure jakar da ita tana ta dukan taya a baya. Ban tsaya na naɗe ta ba.