Awon Hayaƙi a Hanyar Gabi

Shekarar da aka tura ni kwas na sati uku a Yamai, abin da aka fi koya mana shi ne auna hayaƙin manyan masana'antun takarda na ƙasashen waje, masu dafa itace har ya koma kamar kunu. Na dawo Madarumfa da takardar shaida, da ƴar na'ura mai kama da rediyo wadda ke nuna yawan toka da ƙura a iska, da girman kan da ƙofar buronmu, wato ofishinmu, ta yi wa kaɗan. Abu ɗaya ya rage: ba mu da masana'antar takarda.

Wata biyu na'urar tana kwance a durowa. Sai wani Alhaji ya buɗe wuri a hanyar Gabi, inda ake jiƙa tsofaffin kwalaye, a dama su, a zuba a zubi, a busar a tanda, su fito farantan jera ƙwai. Da wata tsohuwa, maƙwabciyar wurin, ta kawo kuka cewa hayaƙi ya ishe ta, ji na yi kamar albishir ta kawo mini.

Ranar Litinin na isa a kan tsohon motona, babur irin na ƴan kabu-kabu. In ya mutu sai an tura, don haka ba na kashe shi. Na tsaya gindin katanga, na ɗora na'urar a kan sirdi, lamba ta haura sama har ta yi ja. Na girgiza kai kamar likita. Alhaji ya fito da shayi a hannu, ya kira ni da Faransanci yadda ake kiran ma'aikacin gwamnati.

"Mushe, lafiya dai ko?"

"Za ka gani a rubuce, Alhaji."

Kwana huɗu ina haka. Na cika shafi shida da Faransanci mai nauyi, har na ba da shawarar a rufe wurin.

Ranar Juma'a ba a hura tandar. Na je in auna iska mai tsabta don in kwatanta, kamar yadda aka koya mana. Bututun tandar shiru, sama tas, amma lamba ta yi ja kamar kullum. Na bubbuga na'urar, na canza batir. Tsohuwar tana zaune ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Ɗana, tun ran Litinin nake so in tambaye ka. Hayaƙin Alhaji kake awo, ko naka?"

Na duba ƙasa. Salansar moton tana feso shuɗin hayaƙi daidai ƙarƙashin sirdi. Na murɗa makulli, lambar ta sauko a hankali. Ba wanda ya yi dariya, wannan ya fi yi mini ciwo. Alhaji, da babbar rigarsa ta masallaci, shi ya tura ni har bakin kwalta.

Sati na gaba a ƙafa na koma. Ashe kukan tsohuwar gaskiya ne, amma ba kullum ba, sai ranar da ma'aikata suka jefa leda da yankan taya a wuta don ta yi saurin kamawa. Ta nuna mini farin mayafinta duk ɗige-ɗigen baƙi, ta lissafa mini ranakun ba tare da wata na'ura ba. Alhaji ya hana ƙona taya, ya sa mai walda ya ƙara wa bututun tsawon ganga biyu.

Kafin in tafi, tsohuwar ta ce in auna mata ɗakin girkinta, don jama'a su ga bambanci. Na shiga, karan gero na ci a murhu, idona na hawaye. Lambar ta wuce ta Alhaji, ta wuce ta motona. Ta leƙo ta ga ja, ta dube ni.

"Kashe abin nan, ɗana. Zauna ka ci tuwo."

Na zauna na ci.