Yadda Muka Kori Kwalta Daga Garinmu

In ka ga dama ka yarda, in ba ka ga dama ba ka bari, ni dai na gaji da rantsuwa: da hannunmu muka kori titin kwalta daga garinmu, kuma ni ne na ja gaba.

Garin namu yana can gefen Babban Mutum. Hanyarmu kuwa, in babur ya faɗa wani ramin sai an yi cigiya. Tumatir ɗina kafin ya isa Daura ya zama miya, gishiri kawai ya rage. Shekara da shekaru muna kai kuka, har aka ce za a turo masu duba ko hanyar ta cancanci kwalta. Ba wanda ya faɗa mana ranar, ba wanda ya ce ƙirga abin hawa za su yi.

Ranar kasuwa da hantsi na hango mutum biyu a gindin tsamiya, da riguna masu ƙyalli da takarda a hannu. To mu mutanen bakin iyaka ka san halinmu. In ka ga mai takarda a bakin hanya, ko geron gonarka ka ɗauko, daji kake yi don tsoron kwastam. Na juya babur, duk wanda na gamu da shi na sanar masa. Kafin azahar motocin shanu, amalanke, 'yan acaɓa, kowa ya bi ta gonaki. Kwana uku bayin Allahn nan suna zaune, ba abin da ya wuce su sai wata tsohuwa da akuyarta.

Da gaskiya ta fito cewa masu duba hanyar ne, mai gari ya tasa ni gaba har ofishinsu. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Na ce ai ba motocin yau kaɗai za a duba ba. In kwalta ta zo mai faci zai buɗe, mai shayi zai kafa tebur, 'yan Nijar za su riƙa sauke kaya a nan, malaman da ake turo mana su daina gudu. Jami'in ya ce duk akwai gurbin wannan a takardarsu, amma sai an fara ganin masu bin hanyar, kuma rahoto ya riga ya tafi.

A hanyar dawowa na ce wa mai gari, ranka ya daɗe a yi haƙuri, wataƙila su sake zuwa baɗi. Ko juyowa bai yi ba.

"In sun dawo, a ɗaki za mu kulle ka, kai da bakin nan naka."