Tsamiyar da Na Shuka a Gidan Matafiya

A danginmu ba a shuka itace. Haka na tashi na tarar, haka uwata ma ta tarar. Kakanmu ya baro ƙasar Hausa a ƙasa, da matarsa da jakinsa, da niyyar Makka. Da suka iso bakin kogin Shari guzuri ya ƙare, ya ce a zauna damina guda a yi ɗinkin hula a tara na gaba. Damina gudan nan ce har yau ba ta wuce ba. Ya rasu a unguwar Marjandafak, ɗansa ya rasu a nan, amma ka tare kowane namiji a cikinmu ka tambaye shi ko ɗan ina ne, zai ce maka, “Mu matafiya ne, muna kan niyya.” Don haka ba ma gini da siminti, ba ma sayen gado mai nauyi. Kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki, babu laifi. Itace kuwa a'a. Wai wanda ya shuka itace ya gaya wa Allah ya fasa tafiya.

Ni na shuka. Kuma da rana tsaka na shuka, ba a ɓoye ba.

Auren zumunci aka yi mini da ɗan wan ubana. Da gidan Marjandafak ya yi mana kaɗan, mijina da ƙaninsa da wasu 'yan uwa suka sami fili can bayan unguwar Dembe, lokacin da wurin yake daji, in ka tsaya a ƙofa sai ka hango raƙuma. Gidajenmu suka jeru a gefe guda na wata 'yar hanya, Larabawa da mutanen kudu suka zauna a ɗaya gefen. Babu inuwa ko ta tafin hannu. Ranar garin nan kuwa ba sai na gaya wa kowa ba. Da ɗan fari a bayana nake daka, in na sauke shi ƙeyarsa kamar an ɗora a kan murhu.

Wata safiya na jiƙa tsamiya zan dama kunu. Na tsince 'ya'yan, na zaɓi mafi ƙoshi, na fita ƙofar gida da guntuwar fartanya. Maigidana yana zaune a kan buzu yana lazimi.

Ya ce, “Me kike tonawa?”

Na ce, “Shuka nake, Malam.”

“Mu da muke kan niyya?”

“In ranar tashi ta zo, sai ka tumɓuke ta ka ɗora wa jaki.”

Ya yi dariya har carbi ya faɗi. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sanyi. Ƙaninsa ne bai yi dariya ba. Shi ne mai karatu a cikinsu, tela ne kuma, ya ce matar yaya ta karya al'adar kaka, ya ce tsamiya ma gidan iskoki ce. Na ce to iskokin ma su zo, sai mu raba inuwar, ba su fi ni jin zafi ba.

Tsamiya ba ta da gaggawa. Darbejiya in ka dasa bana, baɗi ta wuce kanka. Tsamiya sai ka haifi 'ya'ya ka yaye, ka aurar da wasu, sannan ta yarda ta rufe ka. Ruwan wanke-wanke nake ba ta, ruwan da na ɗauko a kaina daga rijiya mai nisa, da ciki ko babu ciki. In na yi wa jariri wanka, sauran ruwan nata ne. Ta sha ruwan wankan 'ya'yana duka, har waɗanda ba su rayu ba.

Da ta yi girma kuwa, ku zo ku ga masu ita. A ƙarƙashinta na kafa kaskon ƙosai, na yi shekaru ina ciyar da gida da shi bayan idon Malam ya raunana. Matan kudu masu tallan busasshen kifi a nan suke sauke kaya su sha ruwa. Maƙwabciyata Balarabiya ta tsallako da butar shayinta, mu yi ta hira rabi Larabci rabi Hausa har la'asar. Ɗaurin aure a nan, raɗin suna a nan. In mutum zai yi wa baƙo kwatance, cewa yake a sauke shi a tsamiyar Hausawa. Shi kansa ƙanin mijin nawa, tun da inuwa ta kai ƙofarsa ya fito da keken ɗinkinsa ya dasa a gindinta, bai sake mayar da shi ɗaki ba sai in hadari ya taso. In na tsokane shi na ce, “Malam, iskoki ba su ɓata maka zare ba?” sai ya ce, “Inuwa ta Allah ce, laifin shuka naki ne.”

Gari ya biyo mu. Dajin da muke hango raƙuma ya zama benaye da shagunan siminti. 'Yan Kano da suka zo jiya-jiya da kasuwanci suka hau jirgi, wata guda sun dawo ana ce musu Alhaji, mu da muka fito don Makka tun zamanin Nasara babu mai haƙorin Makka ko ɗaya a gidanmu. 'Yar hanyar tamu ta cika da babura 'yan kilando, wato 'yan acaɓa, da motocin yashi. Kada wani ya ce na ƙi titi. Ban ƙi ba. Na ga daminar da taɓo ya kai gwiwa, aka ɗauki surukata tana naƙuda a amalanke saboda mota ta ƙi shigowa. Ranar da aka ce za a zuba mana gudron, wato kwalta, har guɗa na yi.

Sai mutanen lameri, ma'aikatan hukumar gari, suka zo da igiyar awo. Suka ce hanya ta yi ƙunci, dole a ci gefe guda, ko namu ko na maƙwabta. Bulama, mai unguwarmu, ya tara maza don a ji bakin kowa. A ƙarƙashin tsamiyata aka shimfiɗa tabarmin. Lokacin Malam ya riga ya rasu, ƙaninsa ne babban layinmu. Mu mata muna cikin zaure, kunne a jikin ƙofa.

Babban ma'aikatan matashi ne, ba shi da girman kai, gaskiya ɗaya ce. Da Larabci ya yi magana, kowa ya ji. Har ya ɗaga kai ya dubi itacen, ya ce irin wannan ba a samunsa kullum, in an ɗan rage nan an ɗan rage can, ana iya lanƙwasa titin a bar shi a gefe. Na ji zuciyata ta sauka.

Mijin maƙwabciyata ya miƙe a madadin ɗaya gefen. Ya buga ƙirji, ya ce shi nan ne garinsa, ya zuba siminti da ƙarfe, ba shi da wani wuri a duniya, wanda zai taɓa katangarsa sai ya bi ta kansa. Ban ga laifinsa ba. Haka ake kare gida.

Matashin ya juyo ga namu. Ya ce, “Baba, ku fa? Me kuke so a yi?”

Ƙanin mijina ya gyara zama, ya sunkuyar da kai, ya faɗi abin da iyayenmu suke faɗa wa kowace hukuma tun da aka sauka a ƙasar nan. Ya ce, “Mu baƙin Allah ne, matafiya. Ba mu da komai a nan sai abin da hukuma ta ga dama. Yau muna nan, gobe in Allah ya buɗe mana sai gabas.”

Wannan magana tana da amsarta, kuma duk tsoho ya san ta. A da in dattijonmu ya faɗi haka a gaban mai mulki, sai mai mulkin ya ce, “Allah ya kai ku, ku sa mu a addu'a,” ya juya ya ce wa yaransa kada wanda ya taɓa mutanen nan, masu niyyar ɗakin Allah ne. Kai ka ƙasƙantar da kanka, shi ya ɗaukaka ka. Da ita kakanninmu suka tsira daga aikin tilas, da ita aka ba su wurin zama. Amma wannan yaro bai san amsar ba. Ina zai san ta? Ya ji dattijo ya ce ba su da komai, kuma gobe za su tashi. Ya gyaɗa kai, ya ce madalla, an sauƙaƙa musu aiki, Allah ya saka da alheri. Bulama ya san amsar, amma gidan ƙanwarsa yana ɗaya gefen, sai ya shafa fatiha.

Surukata ta riƙe mini zane, na fizge. Na ja mayafi na fita a gaban maza, abin da ban taɓa yi ba. Na tare matashin yana shiga mota. Na ce masa ni na shuka itacen nan, a nan na tsufa, ba inda za ni sai maƙabarta. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, “Iya, babbanku ya riga ya yi magana a gaban jama'a.” Kafin sati ya zagayo an shafa wa zaurukanmu jan fenti, an shafa wa tsamiya.

Na sami ƙanin mijina a kan kekensa.

Na ce, “Malam, gabas ɗin nan yau ne ko gobe? In yau ne in soya maka guzuri.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Matar yaya, maganar iyaye na faɗa.”

“Iyayen suna ina?”

“Sun riga mu gidan gaskiya.”

“A Makka aka binne su?”

Ya yi ta juya keke babu ƙyalle a ciki.

Na ce, “Kai da masallacin bayan gida sai da sanda kake kai shi. Gemunka ya yi fari a inuwata, aka tambaye ka sau ɗaya, ka ce ba ka da komai.”

Ya ce, “Na zaci zai amsa yadda ake amsawa.”

“Ka zaci.”

Ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na ce ƙaddara ba ta iya Larabci ba, bakinsa na ji.

Ranar da za a sare ta, 'yata ta aiko daga unguwar Ridina wai in je can in wuni. Na ƙi. Wanda ya ga haihuwa ya ga mutuwa. Na ɗauko kujerata na zauna a inda zaure yake kafin a rushe shi. Da zarto mai inji suka zo, mai kukan da yake shiga haƙori. Lokacin ta yi 'ya'ya sun nuna, kowane reshe ya faɗo sai ka ji su suna zuba kamar tsakuwa a kwano. Gangar jikin ta ba su wuya, zarton ya yi ta tsayawa yana hayaƙi, ni kuwa ina jin daɗin hakan, Allah ya yafe mini. Saiwar sai da katafila ta zo ta yi ta tunkuɗa tana ja da baya.

Abin da ya fi sare ta ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Itacen girki yana tsada a garin nan, kowa ya sani. Kafin rassan su gama taɓa ƙasa mutane sun yi caa a kansu da adduna. Matan da suka sha ruwa a gindinta, yaran da aka raɗa wa suna a inuwarta, har maƙwabciyata ta aiko jikokinta da igiya. Wata ta ce, “Iya, a kawo miki naki?” Na ce ni ba na dafa tuwo da 'yata.

Yanzu titi ya shimfiɗu, faɗinsa kamar kogi, da fitilu masu cin hasken rana. Mota tana zuwa har ƙofa. Ni kuwa na daina ƙosai, don ba mai tsayawa a rana ya jira suya. Maƙwabciyata tana nan da rai, ina hango ta, amma ni da ita ba mai ƙafar tsallake motocin nan, sai dai mu ɗaga wa juna hannu. Can gaba sun yi shataletale, sun shuka ciyawa shar da furanni, sun kewaye da ƙarfe, tankar ruwa tana zuwa ba ta fashi. Wai wurin shan iska ne na unguwa. Ban taɓa ganin wanda ya shimfiɗa tabarma a ciki ba, mai gadi ba zai bari ba.

Da damina ta kama, lameri ta raba dashen itatuwa a baƙar leda, wai kowa ya dasa a ƙofarsa. Ina zaune a jikin katanga, ina bin 'yar inuwarta, sai ga ƙanin mijina yana dogara sanda, da ledar a hannu. Ya rame. Tun da aka mayar da kekensa ɗaki zafi ya hana shi ɗinki.

Ya ce, “Matar yaya, ga wannan. Na sa an zaɓo miki tsamiya.”

Na dube shi, na dubi abin. Bai fi tsawon ludayi ba.

Na ce, “Matafiyi da dashe?”

Ya ce, “Ki bar tuna baya. Ke kika iya renonta.”

“Da wane ƙarfin? Da waɗanne shekarun? Waccan sai da na yi furfura ta rufe ni. Wannan wa za ta rufe?”

“Jikoki.”

“Su ma wani zai tashi ya ce ba su da komai.”

Sannan ya sunkuya da ƙyar ya ajiye ledar a bakin ƙofa, ya ce a gaida yara, ya juya.

Ban taɓa ta ba. Can wajen la'asar wata akuya ta biyo gefen titi tana sunsune-sunsune, ta tsaya a kanta. Ina zaune, sandata tana kusa da hannuna. Ta fara da ganyen sama.